Amsoshin Wasiƙunku: Zuwa Rishikesh, garin da ke bakin kogin Ganga

Wasiƙun wannan watan da yawa sun karkata zuwa Indiya, kuma galibinsu daga mutanenmu ne da jinya ko karatu ya kai Delhi, suna neman inda za su je su sha iska na 'yan kwanaki. Sunan da ya fi fitowa shi ne Rishikesh, wani ƙaramin gari a jihar Uttarakhand, daidai inda kogin Ganga ya sauko daga duwatsun Himalaya ya fara shiga fili. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita wasu.

Na kawo mahaifina asibiti a Delhi, an yi aiki lafiya, likita ya ba mu mako biyu kafin a sake duba shi. Hayaƙi da hayaniyar garin sun ishe mu. Yaya ake zuwa Rishikesh, kuma tsoho zai iya? (Mai jinya, daga Kano)

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin komai a faɗa wa likitan, a karɓi amincewarsa, a tafi da takardar sallama da magunguna cikin kwalayensu.

Daga Delhi zuwa Rishikesh kimanin kilomita 240 ne. Ga mai tsoho a hannu, jirgin ƙasa ya fi. Akwai wanda ake kira Dehradun Shatabdi, mai lamba 12017, yana tashi daga tashar New Delhi da ƙarfe 6:45 na safe, ya isa Haridwar wajen sha ɗaya da rabi. Kujeru ne masu jingina, da na'urar sanyaya ɗaki, ana kuma kawo shayi da karin kumallo. A Haridwar za ku sauka. Daga nan kilomita 25 ya rage, tafiyar minti 45 zuwa awa ɗaya a tasi. Rishikesh tana da tashoshinta, amma jiragen da suka fi sauri da tsabta daga Delhi a Haridwar suke tsayawa.

Tikiti ana sayensa ta manhajar IRCTC ta hukumar jiragen ƙasan Indiya, kuma tun Nuwamba 2024 ana buɗe sayarwa kwana 60 kafin tafiya. Ka duba haruffan da ke jikin tikitin da kyau. CNF na nufin kujera ta tabbata. WL na nufin kana jerin masu jira, kuma idan lambarka ba ta kai ba, ba ka da wurin zama. Idan manhajar ta ƙi karɓar katinka, ma'aikatan da ke kula da baƙi a asibitin ko mai masaukinku za su iya saya muku, ku ba su kuɗin.

A bakin tashar New Delhi akwai wata tsohuwar damfara da har yau take cin baƙi. Wani mai tsabtataccen kaya zai tare ku tun kafin ƙofa, ya nemi ganin tikiti, ya girgiza kai ya ce an soke jirgin, ko ya ce sai an buga hatimi a wani ofis. Ofishin nan shagon abokinsa ne, inda za a sayar muku da hayar mota da tsadar gaske. A cikin jirgi ma'aikaci ke duba tikiti bayan an tashi. Ku wuce shi ku kalli babban allon da ke nuna lambar jirgi da layin da zai tsaya.

Mota kuwa awa biyar zuwa shida ce ta Meerut da Muzaffarnagar da Roorkee, idan hanya ta yi kyau. Daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi ba ta yin kyau, don mutanen Delhi kansu can suke kwarara. Shawararmu ku tashi Litinin ku dawo Alhamis: ɗaki ya fi araha, gari ya fi sarari, kuma Juma'a ta same ku a Delhi. Akwai jirgin sama zuwa filin Jolly Grant na Dehradun, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, daga nan kilomita 20 zuwa gari.

Inda za a ajiye Baba shi ne abin lura. Unguwar Tapovan, inda ƙananan otal suka fi yawa, a jikin tudu take, hawa da sauka ne da matattakala, wasu gidajen ma mota ba ta kai ƙofarsu. Ku nemi masauki ta wajen Muni ki Reti ko cikin gari, ku tambaya a waya ko mota na zuwa bakin ƙofa kuma ko ɗakin a ƙasa yake. Tsallaken kogi, wato Swarg Ashram, shimfiɗe yake kuma ya fi shiru, amma galibi da ƙafa ake shigarsa ta gadar lilo ta Ram Jhula ko ta Janki Setu da aka buɗe a 2020, ko a ƙaramin jirgin ruwa. Tsohuwar gadar Lakshman Jhula ta 1929, wadda kuke gani a hotuna, an rufe ta tun 2019 saboda ta gaji.

Daga gida zan taso, hutu nake so in haɗa da sayayya. Wane wata ya fi? (Alhaji, daga Maraɗi)

Alhaji, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, ko daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Afrilu. A waɗannan lokutan rana ba ta gallaza, ruwan kogin kore ne shar, ana ganin duwatsun ƙasa a gefe.

Mayu da Yuni zafi yakan kusa maki 40, ga hutun makarantu, ga masu ziyarar wuraren bauta huɗu na cikin duwatsu da suke kira Char Dham, waɗanda daga Rishikesh motocinsu ke tashi. Damina daga ƙarshen Yuni take zuwa tsakiyar Satumba. Kogi ya cika ya koma ruwan ƙasa, hanyoyin dutse suna zaftarewa. A ambaliyar Yuni 2013 ruwa ya tafi da katon gunkin Shiva, abin bautar 'yan Hindu, da ke bakin gidan ibada na Parmarth Niketan. Abin da ya fi wannan muhimmanci, cikin Yuli zuwa farkon Agusta ake yin Kanwar Yatra, inda miliyoyin mabiya Shiva sanye da kaya ruwan lemo ke zuwa ɗibar ruwan Ganga da ƙafa. Ana karkatar da motoci daga babbar hanya, ana rufe shagunan nama a gefenta, hankula kuma a tashe suke. Baƙo ba shi da abin yi a wannan hanya a makonnin nan.

Disamba da Janairu dare yakan sauka ƙasa da maki 10, da wata iska mai ratsa ƙashi da ke fitowa daga kwazazzabon da asuba. Wanda ya saba da hunturun Maraɗi zai jure da rigar sanyi mai kauri, amma hazo yakan jinkirta jiragen ƙasa awanni.

Tunda daga gida za ka taso, kada ka manta da katin allurar shawara. Indiya tana neman sa ga duk wanda ya fito daga Nijar ko Najeriya ko Gana ko Kamaru ko Chadi ko Sudan, kuma sai allurar ta cika kwana 10 take aiki. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana shida.

An ce babu nama a garin. To me za mu ci? Ina tunanin in ƙulle kilishi da dambun nama in tafi da su. (Hajiya, daga Zariya)

Hajiya, ki bar kilishin nan a gida, ba da wasa muke ba. Saniya abin girmamawa ce a wurinsu, za ki gan ta kwance tsakiyar gada mutane na kauce mata. Jihar Uttarakhand tana da doka tun 2007 da ta hana yanka saniya da sayar da namanta da safararsa. Ban da doka, akwai jama'ar gari, waɗanda ba za su tsaya jin cewa daga wata ƙasa aka kawo ba. Ko na rago ne, busasshen nama ba ya faɗin sunansa.

Gaskiya ne, a cikin Rishikesh an hana sayar da nama da kifi da giya, har da ƙwai. Batun ƙwan ma sai da ya kai Kotun Ƙoli, ta tabbatar da hanin a 2004. Wannan kuwa sauƙi ne ga Musulmi, don ba sai an yi ta tambayar wa ya yanka ba. Kwana uku babu nama ba ya kashe kowa.

Abin da za ki nema shi ne tali, wani faranti na ƙarfe mai ƙananan kwanuka: shinkafa, roti (gurasar alkama marar yisti), dal (faten wake mai ruwa-ruwa), miyar ganye ɗaya ko biyu, da dahi, wato kindirmo. A gidan abinci na talaka rupi 100 zuwa 200 ya isa, kuma a wurare da dama ana ƙara roti da dal. Da safe alu parata, gurasa ce da aka cusa mata dankalin Turawa aka toya a tanda, a ci da kindirmo. Ga 'yan kalmomi da za su taimaka: bindi kuɓewa ce, palak alayyafo, alu dankali, chawal shinkafa, panir kuwa cuku ne mai kama da awara. Kuɓewarsu soyawa suke yi, ba ta yauƙi, kada ki sa rai da miya. A wasu gidajen ibada ba sa sa albasa da tafarnuwa, abincin ya zo lami. Ɗan yajinki da ƙuli-ƙuli da dabino da garin kunu, waɗannan ki ɗauka.

Abubuwa biyu na lura. Lassi nono ne da aka dama da sukari, yana da daɗi, amma idan aka ce miki akwai "na musamman" ko aka ambaci bang, ganyen wiwi aka niƙa a ciki. Na biyu, ruwan sha na gora kawai, kuma a duba murfin bai taɓa buɗewa ba. A karanta sunan ma, domin akwai masu kwaikwayon Bisleri da canjin harafi ɗaya. Lita ɗaya wajen rupi 20 ce, farashin yana buge a jikin gorar. Ɗanyen ganye da ƙanƙarar da ake sa wa lemo su suka fi kawo gudawa. A riƙe 'yan ƙunshin gishiri da sukari na ORS a jaka.

Akwai masallaci? Kuma abokaina Indiyawa suna cewa dole in ga bikin fitilu da ake yi a bakin kogi da magariba. (Ɗalibi, daga Greater Noida, kusa da Delhi)

Ɗan'uwa, ka shirya yin sallarka a ɗaki. Unguwannin bakin kogi na gidajen ibadar Hindu ne daga farko har ƙarshe, ba za ka ji kiran salla ba. Inda Musulmi suke da yawa shi ne Jwalapur a gefen Haridwar, da Roorkee, da cikin Dehradun. Can ne za a sami Juma'a da naman halal. Kusa da Roorkee ne ma Piran Kaliyar take, inda kabarin Shehu Ala'uddin Sabir na ɗariƙar Chishtiyya yake. Shimfiɗa darduma a bakin kogi ko a wurin shaƙatawa yana iya jawo maka taron da ba ka nema ba, ka bar shi.

Tunda kana karatu a can ka riga ka sani, amma saboda sababbin zuwa: a Indiya ba a kallon gabas. Alƙibla tana yamma, da ɗan karkata kaɗan zuwa kudu. Mun saba cewa "ya kalli gabas" har ta zama sunan salla, shi ya sa mutum kan miƙe da asuba ya fuskanci inda gari ke wayewa, alhali ya ba Makka baya. Tafiyar ta wuce mil 48, saboda haka ƙasaru ta halatta muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Buta kuwa ba matsala, kowane bayan gida akwai famfo da moɗa.

Bikin fitilun sunansa arti, ana yinsa kullum da faɗuwar rana a matattakalar bakin kogi ta Triveni Ghat da Parmarth Niketan. Abokanka za su kwatanta maka shi kamar wasan gargajiya, amma ibada ce: waƙoƙin yabo, ƙararrawa, manyan fitilun tagulla da ake juyawa ana fuskantar kogin, wanda suke ɗauka a matsayin uwa abin bauta. Hukuncin kallo malaminka za ka tambaya. Abin da za mu iya faɗa maka shi ne yadda abin yake gudana. Wanda ya zauna a kan matattakalar cikin jama'a, za a zagayo masa da fitila ya shafi wutar ya kai fuska, za a miƙa masa prasad, wato alawar da aka gabatar wa abin bauta, wani ya kawo yatsa zai ɗiga masa jan gari a goshi, wani ya ɗaura masa zare a hannu sannan ya nemi kuɗi. Ka dafa ƙirji ka ce "nahi, shukriya", ma'ana a'a na gode, ba wanda zai tilasta ka. Daga kan gada ko tsallaken ruwa ana hango komai ba tare da an shiga sahu ba. Ba a shiga wurin bauta da takalmi, ba a ɗaukar hoton mata masu wanka.

'Yan'uwa mata da suka yi irin wannan tambaya: mayafi da hijabi ba baƙon abu ba ne, matan can ma suna yafa gyale.

Mu shida ne, muna so mu hau kwale-kwalen roban nan da ake gangarowa da shi cikin ruwa mai ƙarfi. Ni a kogin Binuwai na girma, na iya iyo. (Ɗalibi, daga Yola)

Iyon Binuwai zai taimake ka kaɗan ne, kuma yana iya ruɗinka. Ganga a nan ruwan ƙanƙara ne da ya narke. Rassa biyu, Bhagirathi da Alaknanda, suna haɗuwa a Devprayag, kilomita kamar 70 a sama, su gangaro da sanyinsu. Wanda ya faɗa ciki, a daƙiƙun farko numfashinsa yana fizga ba da sonsa ba, idan kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin sai ya shaƙa. Bayan 'yan mintuna hannuwa su yi nauyi. Sannan akwai madatsar ruwa ta Tehri a kan Bhagirathi, mai tsayin mita 260. Idan aka saki ruwa don wutar lantarki, dutsen da kuka zauna a kai da safe yana iya nutsewa da rana ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba.

Zangon da ake sayarwa huɗu ne, duk a kusa da gari suke ƙarewa. Daga Brahmpuri kilomita 9, mai sauƙi. Daga Shivpuri kilomita 16, shi ne wanda yawancin mutane ke yi, awa biyu zuwa uku, kuma a cikinsa ne wuraren da ake kira Roller Coaster da Golf Course suke, inda ruwa ke tafasa a kan duwatsu. Daga Marine Drive kamar kilomita 25. Daga Kaudiyala kamar 35, wannan na waɗanda suka saba ne. Ku ɗauki na Shivpuri, da safe, a tsakiyar mako. Ana rufe harkar gaba ɗaya daga farkon Yuli har ruwa ya ja a Satumba. Wanda ya ce zai kai ku a lokacin, ku rabu da shi.

Kafin ku biya ku tambayi lasisin kamfanin na hukumar yawon buɗe ido ta jihar, ku tambaya ko akwai ƙaramin kwale-kwalen ceto da zai bi ku. Mai arahar da ta yi yawa yakan cika mutane fiye da ƙima. Rigar ruwa kuwa ga gwajinta: bayan an ɗaure duk maɗauran, abokinka ya kama kafaɗunta ya ja sama. Idan ta taso har kunnenka, ta yi sako-sako, a ruwa za ta rufe maka fuska. Hular kwano a ɗaure ta a haɓa. Kan filafili a rufe shi da tafin hannu koyaushe, don shi ne ke fasa wa maƙwabci haƙori. Kada a sa jallabiya ko wandon jins, suna shan ruwa su yi nauyi.

Idan ka faɗa, ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsu a sama. Kada ka yi ƙoƙarin tsayawa ko da ka ji ƙasa. Ƙafa tana maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwa ya danne mutum ta fuska, rigar ma ba za ta ɗago shi ba. Ka jira igiyar da za a jefo.

Mafi yawan waɗanda ruwan nan ke ci ba a kwale-kwale suke ba, masu shiga wanka ne da masu hoto a bakin yashi. Ƙasan yana zurmawa farat ɗaya bayan taku biyu ko uku. Sarƙoƙin da aka kafa a matattakalar wanka don haka aka sa su, kuma 'yan gari ma riƙe su suke yi. Mai ciwon zuciya, mai ciki, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, su kalla daga tudu.

Biri ya yagi ƙanena a hannu a kan gada, ɗan ƙarzane ne kawai. (Mai karatu, daga Kaduna)

A wanke da sabulu a ƙarƙashin famfo minti 15 cur, a je asibiti a ranar. Ciwon haukan kare yana bin birai ma, kuma idan alamunsa suka bayyana babu magani. Allurar rigakafin ana yin ta a ranar farko, ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28; idan fata ta huje likita zai ƙara wata a bakin raunin. Babban asibitin gwamnati na AIIMS yana nan cikin Rishikesh. Lambar gaggawa 112, motar asibiti 108.

Birai iri biyu ne. Mai baƙar fuska da doguwar wutsiya ba ya cika rigima. Mai jar fuska shi ne ɓarawon: leda yake hari, da tabarau, da waya. Kada a riƙe leda a hannu a kan gada, kada a zuba masa ido, kada a yi masa dariya haƙora a waje, don a wurinsa wannan neman faɗa ne. Idan ya kama abu a sakar masa. Tagar ɗaki a rufe ta in za a fita.

Mun kama ɗaki ta intanet, muka isa da dare mai gidan ya ce ba ya karɓar 'yan ƙasar waje. Me ya jawo haka? (Ma'aurata, daga Kumasi)

Doka ta wajabta wa duk mai masauki ya cike wa baƙo ɗan ƙasar waje wata takarda da ake kira Form C, ya aika wa hukumar shige da fice cikin awa 24. Ƙananan gidaje da yawa ba su yi rajistar ba, manhajar kuma ba ta faɗa. Ba za mu ɓoye ba, wani lokacin ana fakewa da wannan ne idan aka ga baƙar fata. Maganin duka biyun ɗaya ne: kwana biyu kafin tafiya a kira, a faɗi ƙasar da aka fito, a tambaya ko suna cike Form C, a nemi su tabbatar a rubuce ta WhatsApp. A kuma isa da rana, yadda in an samu matsala akwai lokacin neman wani. Fasfo na ainihi suke nema tare da biza, hoton da ke waya ba ya wadatarwa.

Kallo za ku sha, da masu neman hoto da ku. Yawanci son sani ne, kuma kuna da ikon ƙi. Wanda ya matso yana raɗa muku "charas" tabar wiwi yake talla, dokar 1985 a kan ƙwayoyi kuwa tana da tsauri, beli ma wuya gare shi.

Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, 'yan 10 da 20 da 50 da 100. Kusan kowane mai shayi yana karɓar biya ta waya, amma galibi tsarin yana buƙatar asusun bankin Indiya. Sidi da naira da sefa ba sa canzuwa a can. A zo da dala, a canza a Delhi a karɓi rasit. Takardar rupi 2,000 an janye ta a 2023, kada ku karɓa a canji, haka ma yagaggiyar takarda, don ba mai karɓa daga hannunku. A Daidaita Sahu, wanda su suke kira oto, a yi ciniki kafin a hau. Manyan da ake kira Vikram, masu ɗaukar mutane da yawa tsakanin gari da Ram Jhula, kuɗin kujera ake biya, sai dai idan direban ya ga baƙo ya tashi da ku kaɗai, to ya mayar da ita shata ke nan. Ku ce masa "sheyarin", wato tare da sauran fasinja, tun kafin ku zauna.